Rage Ruwan Ciyawar Ado da Shuke-shuken Gida: Gyaran da Kowace Ƙasa Ke Bukata

Daga tsakiyar Maris har zuwa saukar damina, kukan masu gidaje, otal-otal, makarantu da masallatan da ke da ciyawar ado a Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena iri ɗaya ne. A cika tanki da safe, kafin la'asar ya ƙare, ciyawar kuma ba ta fasa yin ja ba. Daga nan sai a shiga neman magani. Wannan ya ce a sayo garin nan da ke kumbura ya riƙe ruwa, wancan ya ce a zuba yashi, wani ya ce toka, wani ma ya ce ruwan omo. Cikin waɗannan akwai masu aiki, amma kowanne a irin ƙasarsa. Idan aka kai shi inda ba nasa ba, ɓarna yake ƙarawa.

A fara da lissafi, domin shi ke nuna inda asarar take. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rana da iska suna iya ɗauke ruwan da ya kai milimita 7 zuwa 9 a yini daga fili mai ciyawa da ake ba ruwa yadda take so. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Kiri-kiri, wadda ita ce ciyawar da ta fi jure zafin yankinmu, tana zama kore da kusan kashi biyu cikin uku na wannan, wato lita 5 zuwa 6 a murabba'in mita. Fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 yana bukatar lita 500 zuwa 600 a yini ke nan, jarka 25 zuwa 30 ta lita 20. To, sai a ɗauki jarka a sa tiyo a ciki a duba agogo. Idan ta cika cikin minti ɗaya da daƙiƙa 20, tiyon yana ba da lita 15 a minti. Mai gadin da ya bar shi yana kwarara awa ɗaya da rabi ya zuba lita 1350, fiye da ninki biyu na abin da ciyawar ta sha.

Ragowar nan ita ce abin tambaya. Wani kaso ya gangara ta sama ya bi kwata. Wani ya nutse ya wuce inda saiwa take. Wani rana ta ɗauke shi daga fuskar ƙasa tun bai shiga ba. Gyaran ƙasa ba ya rage ƙishirwar ciyawa. Ganyen da ke cikin rana sai ya fitar da ruwansa ko me aka zuba a ƙarƙashinsa. Abin da gyaran ke yi shi ne toshe waɗannan hanyoyi uku, da faɗaɗa randar da saiwa ke ɗiba. Wanda ya fahimci wannan ba zai sayi alkawarin ɗan kasuwa na cewa buhu ɗaya zai sa ya daina ban ruwa ba.

Wace ƙasa ce a gidanka?

Ire-iren ƙasar da aka fi cin karo da su a arewacin Kamaru da yammacin Cadi iri uku ne, sai ta huɗu da magina ke bari. Akwai jigawa, mai yashi, irin ta wurare da yawa a kewayen Garwa: tana shan ruwa nan take, tana kuma sakinsa nan take. Akwai baƙar laka mai tsagewa da rani, wadda Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa, wato dawar rani, a filayen Marwa da bakin kogin Logon. Akwai kuma ƙasar da ake kira harde a Kamaru, naga a Cadi: fuskarta sumul, tauri kamar daɓe, ruwa ya kwanta a kanta ba ya shiga. Ta huɗun ita ce cikon gini, haɗin marmara, ɓaraguzan bulo da burbushin siminti wanda motocin kaya suka tattake, sannan aka shimfiɗa masa baƙar ƙasa kaurin yatsu uku aka dasa ciyawa. A cikin gari, ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi cin ruwa.

Gwaji uku ke rarrabe su, ba kuma sai an kashe ko sefa ɗaya ba. Na farko, a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa, sannan a auna nawa ruwan ke sauka a awa ɗaya. Santimita 2 zuwa 7 alama ce ta ƙasa mai lafiya. Idan ya haura 10, yashi ne ke mulki. Idan bai kai santimita ɗaya ba, ko laka ce, ko harde, ko kuma dandaɓaɓɓen ciko. Ramin kansa ma malami ne: a duba bangonsa a ga inda saiwar ciyawa ta tsaya. Na biyu, a jiƙa ƙasa a murza ta a tafin hannu. Wadda ta ƙi haɗuwa yashi ce, wadda ta miƙe kamar igiya har aka lanƙwasa ta ba ta karye ba laka ce. Na uku shi ne mafi muhimmanci ga masu tauriyar ƙasa: a ɗauki busasshen dunƙule kamar ƙwayar gyaɗa, a ajiye shi a hankali cikin kofin ruwan sama, kada a motsa. Idan ya ruguje kawai ruwan ya zauna garau, ba laifi. Idan cikin awa ɗaya ko biyu wani farin gajimare kamar tsinkakken koko ya kewaye shi, ƙasar tana da sinadarin sodiyam, dangin kanwa, maganinta kuma daban ne.

Jigawa: faɗaɗa randar

Santimita 30 na saman jigawa ba ya riƙe wa tsiro fiye da kusan lita 20 a murabba'in mita. Ƙasa mai kyau, wadda yashi da laka suka daidaita a cikinta, tana riƙe lita 45 zuwa 50. Tunda ba a jira randar ta ƙafe ƙaf, ana sake ban ruwa idan rabi ya tafi, jigawa tana kai ciyawa kwana biyu a Afrilu, ƙasa mai kyau kuwa kwana huɗu ko biyar. Wannan ma'aunin yana bayyana wani abu da ke ɗaure wa mutane kai: wanda ya zuba wa jigawa lita 30 a murabba'in mita don wai ta ƙoshi, mafi yawansa ya wuce ƙasa, ya kuma tafi da takin da aka sa. Ɗiban ruwa da kwando ke nan.

Abin da ya fi daɗewa a jigawa shi ne ƙara mata laka. A samo busasshen karal, ko ƙasar tsohon suri, a daka, a tankaɗe da rariyar magina, a shimfiɗa kaurin santimita 2 zuwa 3, sannan a cuɗa da santimita 20 na sama har launin ya zama ɗaya. Laka ba ta ruɓewa, don haka aiki ne na sau ɗaya. Kurakurai biyu ke ɓata shi. Ɗaya, a zuba lakar tana jiƙe ko tana manyan dunƙule, sai ta zauna curi-curi cikin yashi ba ta haɗu da komai ba. Biyu, a bar ta shimfiɗe a sama ko a binne ta shimfiɗe a ƙasa. Duk inda ƙasa iri biyu suka haɗu ba a gauraya su ba, ruwa yana tsayawa a wurin, saiwa ma ta tsaya. Kafin a ɗauko laka daga ko'ina a yi mata gwajin kofi, kar a sayo harde da kuɗi a kawo gida.

Sai ruɓaɓɓen taki. Ma'aunin sabon fili shi ne kaurin santimita 5, wato lita 50 a murabba'in mita. Ga fili mai murabba'in mita 100, baro 70 zuwa 80 ke nan. Mutane da yawa suna jin adadin su ja da baya su zuba baro goma, daga baya su ce taki ba ya aiki. A faɗi gaskiya kuma: ƙarin ruwan da taki ke sa ƙasa ta riƙe bai kai yadda ake zuzutawa ba. Babban amfaninsa shi ne yana buɗe ƙasa, saiwa ta nutsa, ciyawar da ke sha daga santimita 8 ta koma sha daga santimita 25. Randar ta ninka uku ba don ƙasar ta canza sosai ba, sai don gugar ta ƙara tsawo. Kuma a zafin yankinmu taki yana ƙonewa da wuri, gara ma tana cin rabonta, don haka kowace shekara sai an ƙara.

Ɗanyen kashin shanu daga kara ko mahauta ba taki ba ne tukuna. Yana da gishiri, yana zafi idan ya jiƙe har ya ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da irin ƙarangiya da jiji. Jiji kuwa idan ya shiga ciyawar ado, fitar da shi sai an yi da gaske. A tara kashin tare da ganye da ɓawon gyaɗa a inuwa, tsibi mai tsayin mita ɗaya, a jiƙa shi daidai yadda idan aka matse ba zai ɗiga ba, a juya duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zafinsa zai mutu, ƙamshinsa ya koma na ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Mai shakka ya cika gwangwani da shi ya shuka wake biyar. Idan suka fito lafiya, ya nuna. Takin juji kuwa sai an tankaɗe shi saboda leda, kwalba da tsofaffin batura, kuma bai dace da wurin da yara ke wasa ba takalmi ba.

Gawayi yana tsakanin laka da taki: yana da ƙananan ramuka masu riƙe ruwa, kuma yana shekaru bai ruɓe ba. Burbushin da ke taruwa a wurin masu sayar da gawayi ya isa, kilo 1 zuwa 2 a murabba'in mita, a daka shi ya koma tsakanin ƙwayar gero da ta masara. Mutanen Yagwa da Maga, inda kamfanin gwamnati na SEMRY ke kula da noman shinkafa, suna da buntu a wadace; idan aka ƙona shi a hankali ba tare da iska mai yawa ba, aka kashe wutar da ruwa yana baƙi kafin ya zama toka, ya zama gawayi mai kyau. Sharaɗi ɗaya ne: kada a zuba shi busasshe. Sabon gawayi yana ƙin ruwa da farko, yana kuma tsotse abincin da ke ƙasa, ciyawa ta yi ɗorawa. A cuɗa shi da taki mai laima ya yi mako biyu kafin a kai fili. Toka kuma ba gawayi ba ce. Ba ta riƙe ruwa, kanwa take ƙara wa ƙasa.

Karal da harde

Matsalar karal ba ƙarancin riƙo ba ce. Manomin masakwa yana dasa dawarsa bayan ɗaukewar damina ya girbe a Janairu ko Fabrairu ba tare da ɗigon ruwan sama ba, duk da laimar da lakar ta adana. Matsalar ita ce shigar ruwan. Idan ta bushe ta tsage, ruwan tiyo ya bi tsagar ya wuce saiwa. Idan ta jiƙe ta kumbura, ta rufe bakinta, ruwa ya kwanta a sama. Shawarar da aka fi bayarwa, wai a zuba yashi don ta saki, ita ce mafi muni. Laka da yashi kaɗan ai haɗin tubali ne, kowane magini ya san haka. Kafin yashi ya sauya halin laka sai ya kai rabin haɗin ko fiye, wanda ke nufin tifa bayan tifa. Abin da ke aiki shi ne taki mai gwari-gwari, buntun shinkafa ko dakakken ɓawon gyaɗa, santimita 5 cikin santimita 20 na sama. A yi aikin lokacin da ƙasar ke da 'yar laima tana farfashewa a hannu. Idan tana manne wa fartanya, a dakata, domin kowane taku a lokacin daɓe ne. Filin kuma a ɗan ɗaga shi da gangara kaɗan, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, saboda a Agusta ruwan da ake roƙo a Afrilu shi zai ruɓar da saiwa.

Harde mai sodiyam ita kaɗai ce jifsum, wani farin ma'adini, ke yi wa magani. Sodiyam yana raba ƙwayoyin laka su toshe kowace kafa. Kalsiyam ɗin da ke cikin jifsum yana ture shi, ƙwayoyin su sake dunƙulewa, ruwa ya sami hanya. Ana barbaɗa giram 300 zuwa 500 a murabba'in mita bayan an fasa ƙasar da diga zurfin santimita 25 zuwa 30, a cuɗa da taki, a yi ƙananan fangali masu kunya don ruwan sama ya tsaya ya wanke sodiyam ɗin zuwa ƙasa. Shi ya sa Mayu ko farkon Yuni ne lokacinsa. Ba ya nuna sakamako cikin mako ɗaya, wani lokaci sai an maimaita a damina ta biyu. Inda ba a sami jifsum na noma ba, guntattakin filastar silin da ba a yi wa fenti ba jifsum ne, a daka su su yi laushi. Farar ƙasa ta shafe bango da siminti kuwa ba su ne ba, kada kamannin fari ya ruɗi kowa. Idan gwajin kofi bai nuna gajimare ba, ko ƙasar jigawa ce, kuɗin jifsum asara ne.

Cikon gini ba ya bukatar wani sinadari, diga yake bukata. A kwashe ɓaraguzai, a fasa dandaɓaɓɓen wurin, a gauraya rabin sabuwar ƙasar da tsohuwar kafin a ɗora sauran rabin.

Kayan kanti

Garin da ke kumbura, wanda ake kira idrojel, ana tallarsa da cewa yana shan ruwa ninki 200 zuwa 400 na nauyinsa. Gaskiya ne, amma a tataccen ruwa cikin kofi. A ruwan rijiya ko na foraj, wato burtsatse, mai gishiri da kalsiyam, ga takin zamani, ga nauyin ƙasa a kansa, shan nasa yana faɗuwa ƙwarai. A ce ya sha ninki 100: giram 50 a murabba'in mita ya riƙe lita 5, abin da ciyawa ke sha a yini guda na Afrilu. Don haka a babban fili ba shi da riba. Inda yake da amfani shi ne tukwanen fure da ramin dashen itace a jigawa, giram 1 zuwa 2 a kowace litar ƙasa. A jiƙa shi ya gama kumbura kafin a cuɗa, in ba haka ba ruwan farko zai sa ya tunkuɗo ƙasa da tsiron sama. A binne shi, rana tana lalata shi. A duba buhun a tabbatar na fotasiyam ne. Wanda ke cikin ƙunzugun jarirai na sodiyam ne, bai dace da ƙasa ba. A laka kuwa ba shi da wurin zama sam.

Akwai kuma ruwan maganin da ke sa ƙasa ta karɓi ruwa. Wannan na wata cuta ce ta musamman. Yashin da ya bushe ƙayau, musamman ƙarƙashin itacen turare ko inda matacciyar ciyawa ta taru, yakan yi wani maiƙo a jikin ƙwayoyinsa har ya riƙa ƙin ruwa. Alamar ita ce tabo-tabon bushewa a tsakiyar fili duk da ana ban ruwa, idan aka tona kuma a tarar da ƙura a ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar fuska. A ɗiga ruwa a kan busasshiyar ƙasar a ƙirga. Idan ɗigon ya shige kafin daƙiƙa 5, ba wannan ba ce matsalar. Idan ya zauna kamar a kan ganyen gwaza har minti ɗaya, ita ce. Ana fesa maganin bisa ma'aunin da ke jikin robarsa da safe, a bi shi da ruwa nan take don kar ya ƙona ganye, a maimaita bayan wata ɗaya ko biyu. Omo yana yin kamar ya yi aikin a ranar farko, amma cike yake da sodiyam. Mai zuba shi kullum harde yake ƙerawa da hannunsa. Maganin dindindin na wannan cuta shi ne lakar da aka ambata a baya.

Filin da ciyawa ta riga ta kama ba sai an tone shi ba. A ba shi ruwa, washegari a bi shi da cokali mai yatsu na lambu, a soka zurfin santimita 10 zuwa 15, tazarar tafin hannu, ana ɗan girgiza shi. A watsa tankaɗaɗɗen taki kaurin santimita ɗaya, lita 10 a murabba'in mita, a share da tsintsiya ya faɗa ramukan, kan ganyen ya kasance a waje. Sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta. Idan matacciyar ciyawa ta yi katifa fiye da kaurin yatsa, a karce ta da manjagara tukuna, domin ita ke shanye ruwa ta miƙa wa rana.

Ga furanni, shingen lalle da itatuwa, babu abin da ya kai rufe ƙasa arha da saurin sakamako. Ɓawon gyaɗa, yankakken kara, busasshen ganyen darbejiya, kaurin santimita 5 zuwa 8. Siririn rufi iska ce ke kwashewa, mai kauri da yawa kuma yana hana ƙaramin ruwa isa ƙasa. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindin itace saboda ruɓa, a nisanta shi da bangon ɗaki da ƙofar katako saboda gara, a kuma tuna da wuta a lokacin hunturu. Garar da ke cin rufin a tsakiyar lambu ba abokiyar gaba ba ce gaba ɗaya, ramukanta hanyar ruwa ne. Manoman da ke farfaɗo da matattun filaye suna amfana da ita. Garin katako a sama kawai ake barinsa, idan aka binne shi yana janye wa tsiro abinci. Tsakuwa tana da kyan gani, amma da azahar kasko ce, sai dai a kewayen kariya da sauran masu jure fari.

Hannun da ke riƙe da tiyo

Duk wannan aiki ba ya rage ko lita ɗaya idan mai ban ruwa ya ci gaba da al'adarsa ta safe da yamma. A nan ne yawancin gyare-gyare ke mutuwa. Yayyafi kullum yana jiƙa santimita 3 na sama kawai, saiwa ta taru a wurin, rana ta ɗauke rabi. Bayan gyara, sai a ware tazara a hankali: mako biyu ana tsallake rana ɗaya, sannan a koma kwana uku, a ga yadda ciyawar ta ɗauka. A bazara, gyararriyar ƙasa tana karɓar lita 15 zuwa 20 a murabba'in mita duk kwana uku. A Disamba da Janairu bukatar takan ragu, amma iskar hunturu tana busarwa fiye da yadda sanyin ke sa a zata. Ciyawa da kanta tana faɗin lokaci: idan aka taka ta sawun ya zauna bai tashi ba, launinta kuma ya yi toka-toka, ta nemi ruwa.

Mai famfon feshi ya jera gwangwanayen kifi biyar ko shida a filin, ya kunna minti 15, ya auna zurfin ruwan cikinsu. Daga nan zai san minti nawa ke ba da santimita ɗaya da rabi, wato lita 15 a murabba'in mita, zai kuma ga kusurwar da ba ta samu, wadda saboda ita ake ambaliya wa sauran filin. Bayan awa biyu a soka ƙarfen rodi. Inda ya tsaya, nan laima ta tsaya, abin nema shi ne santimita 20. A laka a raba ban ruwan kashi biyu ko uku da hutun rabin awa a tsakani. Lokaci mafi kyau shi ne bayan sallar asuba, iska ba ta tashi ba, rana ba ta fito ba.

Itatuwa da furanni ba su bukatar feshi. A yi wa kowane itace kwari mai kunya daidai faɗin inuwarsa. Tulun da ba a shafe shi ba, mai cin lita 5 zuwa 10, idan aka binne shi har wuya kusa da dashe aka rufe bakinsa saboda sauro, yana tsatsafo ruwa daidai yadda ƙasar ke ja, a cika shi duk kwana uku zuwa biyar. Ruwan alwala na masallaci tsaftatacce ne ga wannan aiki, ƙaramin bututu ya isa ya kai shi gindin itatuwa. Ruwan wanki kuwa hukuncinsa na omo ne.

Rage ruwa yana da haɗarinsa guda: gishiri. Kowane ruwan rijiya yana ɗauke da ɗan gishiri, tsiro ya sha ruwan ya bar shi. Inda ruwan ke da ɗanɗanon kanwa, kamar wasu wurare a kewayen Tafkin Cadi da Kanem, taruwar tana sauri. Alamarta farin gari a bakin kunya da ƙonewar kan ganye alhali ƙasa na da laima. Sau ɗaya a wata a ninka ban ruwa don a tura gishirin ƙasa da saiwa. Garwa, mai samun ruwan sama kusan milimita 1000 a shekara, damina na yi mata wannan wanki. Marwa tana samun kusan 800. Njamena, mai 500 zuwa 600, ta fi bukatar a sa ido.

Aski da taki ma suna cikin lissafin ruwa. A bar kiri-kiri ta kai santimita 4 zuwa 5 a bazara don ta yi wa ƙasarta inuwa, kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda, a bar yankakken ganyen ya koma taki. Yuriya giram 10 a murabba'in mita ta isa, kuma a damina, ba a Afrilu ba. Ciyawar da aka ɗura wa taki a zafi sabon ganye take fitarwa, kowane ganye kuma baki ne. Darbejiya da turare suna aika saiwarsu mitoci da yawa zuwa inda ake ban ruwa, don haka tsirin ciyawar da ke gindinsu ba zai taɓa ƙoshi ba, gara a mayar da wurin na rufin ganye. Filin ƙwallo irin na Roumdé Adjia a Garwa, da ya karɓi wasannin cin kofin Afirka a farkon 2022, dole ne ya zama ciyawa daga kusurwa zuwa kusurwa. Tsakar gida ba ta da wannan dole. Murabba'in mita 40 inda ake zama da yamma, sauran a ba itatuwa da shinge, ya rage bukatar yini daga jarka 30 zuwa 12 kafin a taɓa ƙasar ma.

Dangane da lokacin aiki, a tara taki tun Fabrairu don ya nuna, a daka laka a Afrilu tana bushe, a fasa ƙasa a cuɗa komai a Mayu ko farkon Yuni, a bar ruwa biyu ko uku su kwantar da filin a cike inda ya lotsa. Dashen kiri-kiri kuwa sai damina ta kama sosai: farkon Yuni a Garwa, Yuli a Marwa da Njamena, gutsattsarin jijiya a tazarar santimita 15 zuwa 20. Sabon dashe na bukatar laima kullum har mako uku, wanda ya dasa a Maris daga tankinsa zai biya wannan, na Yuli kuwa sama ce ke biya masa.